Tsadar Rayuwa da Hanyoyin Samun Kuɗi a Potiskum da Damaturu: Nazarin Kwatanci

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta rayuwar magidanta a manyan garuruwa biyu na Jihar Yobe. Matsayarta ita ce farashin kaya shi kaɗai ba ya nuna garin da ya fi sauƙin zama, sai an duba inda kuɗin magidanci ke fitowa da yadda yake bin hauhawar farashi.

Gabatarwa

Tazarar da ke tsakanin Potiskum da Damaturu kusan kilomita 100 ce, kuma babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa dukansu. Da aka ƙirƙiri Yobe daga tsohuwar Jihar Borno ranar 27 ga Agusta 1991, Damaturu ta zama fadar gwamnati, Potiskum kuwa ta ci gaba da riƙe kasuwanci. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Potiskum mutum sama da 200,000, Damaturu ƙasa da 90,000. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018/2019 ya sa kusan kashi 72 cikin 100 na mutanen jihar a ƙarƙashin layin talauci, amma adadin na jiha ne baki ɗaya, yana rufe bambancin da ke tsakanin garuruwan.

Tattaunawa

Arzikin Damaturu ya rataya ne a kan albashi. Sakatariyar jiha, Jami'ar Jihar Yobe da asibitin koyarwarta, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya su ke zuba kuɗi a garin, har mai shago da mai gidan haya suna jiran ƙarshen wata. A Potiskum kuɗi na shigowa ta kasuwar shanu, wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, da kasuwar hatsi, da tirelolin da ke kai dabbobi kudu. Wannan bambanci ya fito fili bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira. Mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira 30,000 tun 2019, bai koma 70,000 ba sai a Yulin 2024, don haka ma'aikaci ya shafe fiye da shekara yana sayen mudun gero da sabon farashi da tsohon albashi. Falke da mai mota kuwa suna ɗora ƙarin a kan kayansu tun a kasuwa ta gaba. Ga kuma hatsi da nama da ke sauka Potiskum kai tsaye daga ƙauyukan Fika da Nangere, ba tare da dogon kuɗin mota ba.

Za a iya cewa wannan hujja ta manta da masu ƙaramin ƙarfi, kuma sukar na da tushe. Ɗan dako da ɗan kamasho da yaron mota ba su da kayan da za su ƙara wa kuɗi, ladansu na bin bayan farashi. Haka nan samun kasuwa ba shi da tabbas: harin da aka kai kasuwar shanu a Mayun 2012 da ƙarancin takardun naira a farkon 2023 sun tsayar da ciniki, alhali sunan ma'aikaci na nan a takardar biya. Sai dai wannan ƙarfafa matsayar ya yi, domin ya nuna kowane gari da irin haɗarinsa: na Damaturu hauhawar farashi, na Potiskum tsayawar kasuwa.

Kammalawa

Magani ɗaya ba zai wadatar da garuruwan biyu ba. Damaturu na buƙatar albashin da ake sabuntawa daidai da farashin abinci. Potiskum na buƙatar tsaron kasuwa da hanyoyi, da rancen jari ga ƙananan 'yan kasuwa. Kafin duka, ya kamata gwamnatin jiha ta riƙa tattara farashi da samun magidanta gari-gari, domin a kan haka ne za a gina tsari mai adalci.