Tsiron mahaifa da shan maganin homon na dogon lokaci

Tsiron mahaifa wata tsoka ce mai laushi da ke fitowa daga shimfiɗar cikin mahaifa, wato fatar da ke saɓulewa duk wata ta zama jinin al'ada. Wani bai wuce ƙwayar riɗi ba, wani kuma yakan kai girman lemon tsami. Ya bambanta da ƙarin mahaifa, wanda ke fitowa daga naman bangonta. An fi samunsa ga mata 'yan shekara 40 zuwa 50 da 'yan kai.

Babbar alamarsa ita ce zubar jini ba bisa ƙa'ida ba: jini tsakanin al'ada da al'ada, al'ada mai yawa, ko dawowar jini bayan mace ta daina al'ada. Yakan kuma hana ɗaukar ciki. Mata da dama sukan ɗauki wannan jini a matsayin istihala, su nemi hukuncin salla da azumi wurin malamai, su tsaya a nan. Hukuncin ibada daban, binciken likita daban. Galibin tsiron ba kansa ba ne, amma kaɗan daga ciki kan rikiɗe, musamman bayan ɗaukewar al'ada.

Sinadarin estrojin ne ke kaurara shimfiɗar mahaifa, shi kuma firojestaron yana taka masa birki. Shi ya sa ƙiba, wadda ke ƙara estrojin a jiki, ke cikin abubuwan da ke jawo tsiron. Haka ma maganin homon da ake bai wa mata saboda zufar dare da jin zafin jiki bayan daina al'ada. A 1975 bincike a Amurka ya nuna cewa shan estrojin shi kaɗai na tsawon shekaru yana ƙara haɗarin kansar mahaifa, don haka ake haɗa shi da firojestaron ga macen da ba a cire wa mahaifa ba. A 2002 kuma aka dakatar da wani gwaji kan mata sama da 16,000 a Amurka, bayan an ga haɗin biyun ya ɗan ƙara haɗarin kansar mama, daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki.

Tamoxifen, da masu kansar mama ke sha shekara 5 zuwa 10, shi ma yana haddasa tsiron. Duk da haka amfaninsa ya rinjayi illarsa, kuma ba a daina shi sai da umarnin likita. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu haɗin sinadaran biyu kuwa rage haɗarin kansar mahaifa suke yi.

Ana gano tsiron ta hoton mahaifa, a cire shi da siririyar na'ura mai kyamara ba tare da an tsaga ciki ba, sannan a gwada tsokar. Ga matan Kiyawa da kewaye, matakin farko shi ne asibiti mafi kusa, inda za a iya tura su Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ya kamata mace ta tafi da kwalin duk maganin da take sha, har wanda ta saya a kemis. Jini bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, ko ɗigo ne, ya isa dalilin ganin likita.