Sawakin: Ƙofar Alhazai a Bakin Bahar Maliya

Sawakin tsohon gari ne a gabashin Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan. Asalinsa ɗan tsibiri ne zagayayye a ƙuryar wata siririyar mashigar ruwa, inda jiragen filafilai ke samun mafaka daga iska. Da dutsen murjani da ake haƙowa a teku aka gina gidajensa, benaye hawa biyu zuwa uku, da tagogin katako masu sassaƙa irin na Jidda.

Ibn Battuta ya sauka a nan a ƙarni na 14, ya tarar da wani sharifin Makka ke sarauta. Da tashar Aizab da ke arewa ta mutu a ƙarni na 15, fatake da alhazai suka karkato Sawakin, garin ya bunƙasa.

Arziki kuwa ba ya rasa mahassada. Turawan Fotugal sun kutsa Bahar Maliya da jiragen yaƙi, suna son ƙwace cinikin Indiya daga hannun Musulmi. A 1517 suka tasam ma Jidda, kwamandan jiragen ruwa Salman Ra'is ya kore su da igwa. A 1541 rundunar Estebao da Gama ta auka wa Sawakin ta cinna mata wuta. Turkawan Usmaniyya suka gane cewa tsaron Makka daga teku yake farawa, sai Ozdemir Fasha ya kafa lardin Habash a 1555, Sawakin ce hedikwatarsa ta farko.

Mu ma muna da tarihi a wannan gaɓa. Alhazanmu da suka keta Barno, Wadai da Darfur a ƙafa, wasu shekaru suka yi suna tafe, da yawansu a nan suka hau jirgin Jidda. Waɗanda guzuri ya ƙare musu suka zauna, jikokinsu na gabashin Sudan har gobe.

A zamanin Mahadin Sudan, kwamandansa Usman Digna ya tsananta wa garin da yaƙi, amma bai ci shi ba. Abin da ya durƙusar da Sawakin shi ne jirgin tururi. Mashigar ta yi wa manyan jirage ƙunci, Ingila ta buɗe Port Sudan a 1909, attajirai suka ƙaura, benayen suka zube don rashin gyara.

A 2017 Turkiyya ta ɗauki alkawarin farfaɗo da tsibirin. Garin da ya tsallakar da kakanninmu zuwa Ɗakin Allah ya cancanci a raya shi, a kuma koya wa 'ya'yanmu labarinsa.