Tashi da Wuri Bayan Tiyatar Sauya Ƙugu

Tashi da wuri bayan tiyatar sauya ƙugu shi ne sauko da majinyaci daga gado ya zauna, ya tsaya, ya fara taka ƙafa tun washegarin aiki. An fi ba shi muhimmanci ga tsofaffin da suka karye a wuyan ƙashin cinya. Idan karayar ta goce, jini kan daina isa kan ƙashin, sai a cire shi a dasa na ƙarfe, ko a sauya gaɓar baki ɗaya.

Dalili

Sau da yawa kwanciyar ta fi karayar haɗari. Tsohon da ya daɗe kwance tsokarsa kan zube cikin 'yan kwanaki, majina ta taru a huhu ta zama nimoniya, gyambo ya fito a gadon baya da dunduniya. Jini kuma kan daskare a jijiyoyin ƙafa, wanda idan ya ɓalle ya toshe huhu yana iya kisa nan take. A alƙaluman hukumar NICE ta Birtaniya, kusan mutum 1 cikin 10 na mutuwa cikin wata guda da karaya, kimanin kashi 1 cikin 3 kuma cikin shekara, galibi saboda cututtukan da ke tare da su. Ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2011 ta ce a yi tiyata ranar da aka kwantar da majinyaci ko washegari, a tayar da shi kwana ɗaya bayan aiki, sannan aƙalla sau ɗaya kullum.

Yadda ake yi

Likitan fisiyo kan fara zaunar da shi a bakin gado, ya duba ko jiri na ɗibarsa, sannan ya tsayar da shi da madogari mai ƙafa huɗu. Ƙarfen da aka kafa da simintin ƙashi, dabarar da John Charnley ya yaɗa a Ingila a shekarun 1960, yana ɗaukar nauyin jiki tun ranar farko. Wannan na da amfani, domin da wuya tsoho ya iya tafiya yana ɗage ƙafa ɗaya.

Abubuwan da ke kawo jinkiri su ne zafin ciwo, ƙarancin jini, faɗuwar bugun jini idan an miƙe, da ruɗewa. Allurar kashe jijiya a matsematsi tana rage ciwon ba tare da ta sa barci ba. Tsoron sake faɗuwa ma kan hana, haka nan tausayin dangi masu ganin hutu ne magani.

A makonnin farko wasu likitoci kan hana harɗe ƙafa, tsuguno da zama a ƙasa don kada gaɓar ta goce, saboda haka akan tanadi kujera mai tudu da masai na zama kafin a sallami majinyaci.