Daga Landan Zuwa Challawa: Tarihin Yadda Ake Wanke Iskar Gas

Yau ba saitin waya za mu yi ba, tarihin wata fasaha za mu ɗan taɓa.

Idan ka taɓa bi ta kusa da masana'antun jima a Challawa ko Sharada, ka san warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai. Iskar haidirojin salfaid kenan, tana tashi ne daga sinadarin da ake tuge gashin fata da shi. Ita da kabon dayoksaid, wato wadda ke yin "fuss" idan ka buɗe kwalbar lemo, su ake kira iska mai tsami, domin in suka haɗu da ruwa asid suke zama, su riƙa cin ƙarfe. Gas ɗin da ake haƙowa yakan zo da su, sai an raba shi da su kafin a tura shi bututu.

Matsalar ta tsufa. A 1812 aka kafa kamfanin da ya riƙa haska titunan Landan da gas ɗin kwal. Don rage wari, sai a bi da gas ɗin ta cikin ruwan farar ƙasa. Yana kamawa kam, amma da ya ƙoshi sai zubarwa, juji ya taru yana ɗoyi.

Sauyi ya zo a 1930, lokacin da wani Ba'amurke, Robert Bottoms, ya sami rajistar dabarar amfani da sinadarin amin. Ka ƙaddara doguwar hasumiyar ƙarfe: gas na shiga ta ƙasa, ruwan amin na zubowa daga sama. In sun haɗu, amin ya cafke mai tsamin, gas mai tsabta ya fice ta sama. Sai a kai ruwan hasumiya ta biyu a dafa shi da tururi, ya saki abin da ya kama, a sake mayar da shi bakin aiki. Babu zubarwa, sai dai dahuwar tana cin makamashi.

Hanya ta biyu ba cafka a cikinta, narkewa ce kawai. Koma kan kwalbar lemon nan: matsi da sanyi ne ke riƙe iskar a cikin ruwa, kana buɗewa ta gudu. A kan wannan kamfanonin Jamus, Linde da Lurgi, suka gina Rectisol, mai amfani da metanol da aka sanyaya zuwa wajen digiri 40 ƙasa da sifiri. A Afirka ma ta fara babban aiki, a masana'antar Sasol da ke Afirka ta Kudu a 1955. Daga baya Selexol ta fito a Amurka.

To wacce ta fi? Ya danganta. In matsin gas ɗin kaɗan ne, amin ake nema. In matsin ya yi yawa, tsamin ma da yawa, ta biyun ta fi sauƙi, don rage matsi kaɗai kan saki mafi yawan iskar.

Abin da aka kama ma dukiya ne. Haidirojin salfaid ana mayar da ita farar wuta. Kabon dayoksaid kuwa tana shiga takin yuriya da lemon kwalba. A Sleipner ta ƙasar Norwe, tun 1996 ake cusa ta ƙarƙashin teku, a shekarun farko kusan tan miliyan ɗaya a shekara.

Ina ruwan Kano? A watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kano ta Kaduna. Mai injin niƙa a Dakata da mai masana'anta a Bompai, waɗanda rashin wuta da tsadar dizal suka gallaba, fatansu na kan wannan gas, shi kuma ba ya shiga bututu sai da tsabtarsa.

Ga jan kunne kafin mu rabu. Haidirojin salfaid ta fi iska nauyi, a rami take kwanciya, kuma in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi. Kada ɗaukewar wari ta ruɗe ka ka shiga ramin ruwan jima ko na masai ba tare da na'urar gwaji ba, tana iya kisa cikin mintuna. In kana da ɗan uwa mai irin wannan aiki, tura masa.