Gidan Tarihi na Yamai da Ma'abota Sana'a

Duk wanda ya san sha'anin sana'ar hannu a Nijar ya san cewa al'amarin ya sake kama a shekarar 1959, sa'ad da aka kafa Gidan Tarihi na Ƙasa a Yamai bisa himmar Bubu Hama, masanin tarihi kuma shugaban Majalisar Dokoki, tare da Pablo Toucet wanda ya fara riƙon gidan. Hikimar mutanen nan biyu ita ce ba su wadatu da jera kayan magabata a bayan gilashi ba, sai suka gina rumfuna a cikin harabar, suka kirawo dukawa da masaƙa da maƙeran farfaru, Hausawa da Zabarmawa da Buzaye, suka ce kowa ya zauna ya yi aikinsa a bainar jama'a. Mu mutanen Kurfai, da muka saba ganin baduku a gindin inuwa ba wanda ya ɗauke shi ma'abocin ilimi, mun jima kafin mu fahimci girman wannan lamari, alhali kuwa 'ya'yanmu da ke bin hanyar Filinge zuwa Yamai ta Baleyara a wannan haraba da yawansu suka fara ganin gwamnati ta girmama mai allura da zare.

A wannan da'ira ce fasahar zamani ta tsiro. Mustafa Alasan, wanda ya fara da zane a cibiyar bincike ta IFAN inda ya haɗu da mai ɗaukar majigi Jean Rouch, shi ne ya mai da zanensa majigi mai motsi tun a shekarun 1960, ya sa kwaɗi suka yi wasan sarauta da mulki. Kuma a 2024 aka raɗa wa cibiyar al'adu da ke daura da gidan tarihin sunansa, bayan ta daɗe tana amsa sunan Rouch.

A nan ne nake da magana, kuma ina yin ta da ciwon zuci. Rouch ya shahara a duniya da majigin da ya ɗauka a Akara kan 'yan Hauka, masu kwaikwayon gwamna da hafsoshin Nasara a cikin bori, amma asalin abin daga ƙasarmu yake, domin a Shikal, kusa da Filinge, ya ɓulla wajen 1925 ta hannun wata mace mai suna Shibo, har hukumar Faransa ta kama mabiyan Shibo ta tsare su. Malamanmu suna da hukuncinsu a kan bori, ni ma ba na jayayya da su. Sai dai tarihi amana ne, kuma bai kyautu a ce ɗalibi a Paris ya fi ɗan Shikal sanin abin da kakanninsa suka yi wa mulkin mallaka ba.

Rumfunan gidan tarihin kuwa suna nan, ko da yake rashin tsaro ya rage baƙin da a dā suke sayen jakunkuna da zobban azurfa, har masu sana'a suka koma dogara ga 'yan ƙasa. Abin da nake roƙon hukuma shi ne ɗaki ɗaya a Filinge, ko da na laka ne, inda za a ajiye aikin dukawan Kurfai da labarin Shikal, a kuma zaunar da masu sana'a biyu ko uku su riƙa koyar da yara.