Sunan da Akawu Ya Rubuta: Yadda Takardun 'Yan Mazan Jiya Suka Rikice

A ƙasar Kazaure, Roni da Gwiwa, har zuwa Babura, akwai gidajen da har gobe ake cewa kakansu ya je yaƙin Bama. Za a ba ka labarin jirgin ruwan da ya shiga, da dajin da ruwa ba ya ɗaukewa, da yadda ya dawo yana jin Turancin bariki. Amma ka ce a kawo takardar sallamarsa, ko a faɗi lambarsa ta soja, nan za ka ga an tsaya ana kallon juna. Kuma ko a Lakwaja ko a Landan, ofishin soja ba ya aiki da labarin baka. Lamba yake nema, da suna kamar yadda aka rubuta shi ranar ɗauka. A wurin wannan rubutu na farko matsalar ta samo asali.

Tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara 'yan Hausawa a Ikko ya ba su bindiga. A 1897 aka kafa rundunar Afirka ta Yamma, aka damƙa ta a hannun Lugga, kuma ita ce ta ci Kano a watan Fabrairun 1903. Hausa ta zama harshen bariki, har wanda ba Bahaushe ba ma da ita ake ba shi umarni. Idan kurtu ya zo gaban teburin ɗauka, akawu zai tambaye shi sunansa da garinsu, ya haɗa su biyun, shi ke nan ya zama sunansa na soja: wane Kano, wane Katsina, wane Sakkwato. Sunan uba sau da yawa ba ya shiga. Shekaru kuwa kallon mutum ake yi a ƙiyasta. Saurayin da ya fito daga wani ƙauye a gundumar Roni zai iya faɗin babban garin da ya san Bature ya sani, tunda a wancan zamani Kazaure tana cikin Lardin Kano. Wasu sun ƙetaro ne daga ƙasar Faransi suka ari sunan wani gari na ɓangaren Najeriya. Wasu ba Hausawa ba ne, suka ɗauki sunan Hausa don a karɓe su. Wasu kuma sun sauya suna da gangan don kada iyaye su biyo sawu. Bataliya guda sai ta tara masu suna iri ɗaya da yawa, abin da ya raba su kawai lamba ce. Wanda lambarsa ta ɓata, kusan shi ma ya ɓata ke nan a cikin littafi.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, ɗaukar soja ta bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai. Sojojin Najeriya sun fara da Somaliya da Habasha a 1941. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya, daga can sai Bama. Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, sun shiga Myohaung a Janairun 1945. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 kuwa suna cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan Japanawa a 1944, kuma sunan nan ne barikin Chindit na Zariya yake ɗauke da shi. Sarkin Katsina Usman Nagogo da kansa ya je ya gaishe su a can. Da suka dawo, Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja.

Ƙa'idar lambobin yaƙin a fili take. Tauraron Bama na wanda ya yi aiki a fagen ne tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Tauraron Afirka ya haɗa da waɗanda suka je Habasha da Somaliya. Lambar yaƙi ta gama-gari kuwa kwana 28 cikin kaki ya isa a ba mutum. Sai dai akwai abin da iyalai da dama ba su sani ba: lambobin Yaƙin Duniya na Farko an zana suna da lambar mai su a jikinsu, amma na yaƙi na biyu Ingila ta raba su ba suna. Saboda haka tauraron da ke cikin adakar kaka, duk darajarsa a wurin jikoki, ba ya zama shaida shi kaɗai. Littafin sallama ne shaida, shi kuma takarda ne, gara tana ci, damina tana jiƙawa, gobara tana lashewa.

Ba rikicewar suna kaɗai ba ce. Bambancin an rubuta shi cikin doka. Daga 1903 har 1942 lambar jarumta ta sojan Afirka dabam take da ta Bature. Babbar lambar jarumta ta Ingila, Victoria Cross, babu baƙar fata ɗaya daga rundunar Afirka ta Yamma da ya same ta a yaƙoƙin biyu, kuma ban yarda cewa rashin jarumai ne ya jawo haka ba. Dubi Chari Maigumeri. Ya fara soja a wurin Jamus a Kamaru, har suka ba shi lambarsu ta Iron Cross. Aka kama shi a Garwa a 1915, ya koma rundunar Ingila a 1917, ya sami lambar jarumta a yaƙin Habasha, ya je Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Shi samanja ne da hafsoshi suka sani, shi ya sa tarihinsa ya tsira. Farabitin da ya ɗauki kaya a ka cikin dajin Kaladan, wa ya rubuta nasa? A 2019 ɗan jarida Jack Losh ya fito da wata takardar 1945 da ta nuna yadda aka biya kuɗin sallama a rundunar Afirka ta Gabas: farabiti Bature sule 10 kan kowane wata da ya yi yana aiki, baƙi sule uku da sisi. Irin wannan ƙorafi na haƙƙi ne ya fitar da 'yan mazan jiya kan titi a Ankara ranar 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe uku daga cikinsu.

Gyara ya zo, amma a makare, kuma duk inda ya zo sai da wani ya tono takarda. A Amurka bincike ya nuna an danne baƙaƙen sojoji, sai a Janairun 1997 Shugaba Clinton ya ba mutum bakwai babbar lambar ƙasar, alhali ɗaya ne kawai, Vernon Baker, yake raye. Maƙwabtanmu na Damagaram da Maraɗi da suka yi wa Faransa yaƙi, dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu a kan kuɗin wancan lokaci, na takwarorinsu Faransawa yana ta hawa. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya a 2001 bayan ya riga ya rasu. Sai a 2011 aka daidaita fanshon, shi ma sai wanda ya rubuta ya nema. Sojojin da aka harbe a Thiaroye ta Senegal ranar 1 ga Disamba 1944 don sun nemi kuɗinsu, sai a 2024 Faransa ta sa shida daga cikinsu a jerin waɗanda suka mutu dominta. Ingila ma a Afrilun 2021 ministan tsaronta Ben Wallace ya nemi gafara a majalisa, bayan hukumar kula da kaburburan yaƙi ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a kan kowane dutse ba, kuma adadin na iya kaiwa 350,000.

A gida ma mun gaji rikicin, muka ƙara namu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura sojan Najeriya daga kimanin 10,000 zuwa wajen 250,000. An yi ɗauka cikin gaggawa, har tsofaffin 'yan Bama aka sake kira. Waɗanda aka ɗauka a wannan guguwa su ne dattawan da ake gani a layin tantancewa na Hukumar Fanshon Soja, wani sunansa na banki bai yi daidai da na takardar sallama ba, wani shekarar haihuwarsa ta katin ɗan ƙasa ta saɓa da wadda akawu ya ƙiyasta masa. Amma an taɓa nuna cewa gyara mai yiwuwa ne idan hukuma ta so: a 2000 Shugaba Obasanjo ya mayar da korar sojojin da suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara ta zama ritaya, abin da ya buɗe musu ƙofar fansho.

Takardun ba duka suka salwanta ba. Ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa yana Lakwaja. Gidan adana takardu na Kaduna yana riƙe da fayilolin Lardin Kano na zamanin En'e. A Kew da ke Landan akwai littattafan yau da kullum na bataliyoyi da takardun da hafsoshi suka rubuta suna neman a ba wane lambar jarumta, da suna da lamba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai bango mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma. Abin da ya rage shi ne a haɗa sunan littafi da mutumin da aka sani a gari, kuma wannan aiki Bature ba zai iya shi ba. Dagaci ne ya san cewa wanda aka rubuta wane Kano ɗan gidan wane ne a ƙauye kaza.

Don haka kirana ga masarautun Kazaure da Ringim, da ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, da reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya na Jigawa: a bi gunduma-gunduma a rubuta sunan gida da sunan soja da lambar kowane tsohon soja, mai rai da mamaci, tun ana samun 'ya'yan da suka ji daga bakin iyayensu. Kai kuma mai karatu, idan akwai littafin sallama a gidanku, ka ɗauki hoton kowane shafi yau, ka rubuta lambar a wuri biyu, kada ka ba kowa na asalin.