Yaƙin Biyetnam da Ƙurar da Ya Tayar Har Kano

Duk wanda ya tashi a Panshekara a ƙarshen shekarun 1980 ya san gidan kallo: rumfar kwano, bencina a jere, talabijin ɗaya a kan tebur, janareta na ta ruri a bayan ɗaki. Bayan sallar isha'i leburorin da suka taso daga masana'antun Challawa da Sharaɗa sukan shigo, wasu har da warin jima a tufafinsu, su biya 'yan kuɗinsu su zauna tare da mu yara. A nan muka fara jin sunan Biyetnam. In ba fim ɗin Rambo ba, to na Chuck Norris ne. Ba'amurke guda zai faɗa daji, ya karkashe ɗaruruwan mutane masu malafa, ya kuɓutar da 'yan uwansa, mu kuwa sai tafi. Da yawa daga cikinmu mun girma da yaƙinin cewa Amurka ce ta ci wannan yaƙi. Ba ita ta ci ba. Kuma yaƙin bai yi nisa da mu kamar yadda muka zata ba, domin ya shafi wanda ya sayar wa Najeriya makamai a lokacin da take cikin tsaka mai wuya, ya kuma shafi irin muryar da wani ɗan Kano ya yi magana da ita a gaban duniya.

Kafin Amurkawa, Faransawa ne suka fara shan kashi a can, kuma da jinin 'yan Afirka suka yi wani ɓangare na yaƙin. Ranar 2 ga Satumba 1945 Ho Chi Minh ya tsaya a birnin Hanoi ya yi shelar 'yancin ƙasarsa. Faransa ta ce ba ta san zancen ba. A Disambar 1946 yaƙi ya ɓarke a yankin da Faransawa ke kira Indoshin, wato Biyetnam da Lawos da Kambodiya. Da yake Faransa ba ta son tura samarinta da ke hidimar soja ta dole, sai ta waiwayi ƙasashen da take mulka. Dubun dubatar matasa daga Afirka ta Yamma suka hau jirgin ruwa, aka yi musu kuɗin goro da sunan sojan Senegal, alhali a cikinsu akwai 'yan Nijar da Mali da Burkina da Gine. Kamar yadda iyayenmu na wannan tsallake suka je Boma a ƙarƙashin tutar Ingila, haka na tsallaken Nijar suka je Indoshin. Seyni Kountché, wanda ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a Afrilun 1974, yana cikin waɗanda suka yi aikin soja a can. Haka ma Sangoulé Lamizana na Burkina da Bokassa na Afirka ta Tsakiya.

Abin da waɗannan samari suka gani ya fi ƙarfin a kira shi yaƙi kawai. Mayaƙan Ho Chi Minh, waɗanda ake kira Biyet Min, sukan watsa takardu, su kuma yi amfani da lasifika cikin dare, suna tambayar sojan Afirka dalilin da zai sa wanda ake mulka ya zo ya kashe wanda ake mulka. Sai kuma ga Dien Bien Phu. A ƙarshen 1953 Janar Navarre na Faransa ya sauke sojoji ta laima a wani kwari da tsaunuka suka kewaye, kusa da iyakar Lawos. Lissafinsa shi ne abokan gaba za su fito fili, manyan bindigogi da jirage su gama da su, tunda a ganinsa babu yadda za a yi a hau waɗannan duwatsu da igwa. Janar Vo Nguyen Giap na Biyet Min, wanda asalinsa malamin tarihi ne a makaranta, ya sa aka ja igwa da igiya zuwa kan tsaunukan, aka haƙa musu ramuka aka ɓoye. Shinkafar sojojinsa kuwa a kan keke ta zo. Ana ɗaure wa keke sanda a kai, a labta masa kayan da suka kai kilo 200, mutum ya tura shi da ƙafa ta cikin kurmi, kwana da kwanaki. Duk wanda ya taɓa ganin mai keke ya ɗauko buhuna daga Dawanau zai fahimci irin wannan wahala, sai dai su a ƙarƙashin ruwan bama-bamai suka yi ta. Aka fara luguden wuta ranar 13 ga Maris 1954, zuwa 7 ga Mayu sansanin ya faɗi, aka kama fursunoni fiye da 10,000. Ba a cika wata shida ba Aljeriya ta ɗauki makami.

Taron Geneva na Yulin 1954 ya raba ƙasar gida biyu, Arewa a hannun 'yan gurguzu, Kudu a hannun masu ra'ayin Yamma, da sharaɗin za a yi zaɓe a 1956 a haɗe ta. Ba a yi zaɓen ba. Ngo Dinh Diem, shugaban Kudu, ya ƙi, Amurka kuma ta mara masa baya, domin kowa ya san Ho Chi Minh ne zai lashe. A nan ne ciwon ya fara ruɓa. Diem ɗan Katolika ne a ƙasar da mabiya Buddha suka fi yawa, ya cika gwamnati da danginsa, ya tilasta wa manoma barin ƙauyukansu zuwa wasu sansanoni masu shinge. A Disambar 1960 aka kafa ƙungiyar tawayen da duniya ta sani da Biyet Kong. A Yunin 1963 wani malamin addinin Buddha ya cinna wa kansa wuta a tsakiyar titin Saigon, babban birnin Kudu, a Nuwamba kuma janar-janar suka kashe Diem da sanin Amurka cewa juyin mulki na tafe. Daga nan Saigon ta shiga juyin mulki bayan juyin mulki. Bayan rikicin jiragen ruwa a gaɓar Tonkin a Agustan 1964, majalisar Amurka ta sakar wa Shugaba Lyndon Johnson mara, kuma ranar 8 ga Maris 1965 sojojin kundunbala na Amurka suka sauka a Da Nang. Zuwa 1968 sojan Amurka a Biyetnam sun haura rabin miliyan.

To, a daidai wannan lokaci ne tamu wutar ta kama. An kafa Jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967, bayan kwana uku Ojukwu ya yi shelar Biyafara, a watan Yuli aka fara harbi. Gwamnatin Yakubu Gowon ta nemi sayen makamai daga Amurka, aka hana ta. Washington ta ce Najeriya hurumin Ingila ce, kuma gaskiyar magana wanda gemunsa ke ci da wuta ba ya hura wa wani. Ingila ta yarda da ƙananan makamai, amma ta noƙe a kan jiragen yaƙi. Sai Legas ta juya ga Mosko. A watan Agustan 1967 manyan jiragen dakon kaya na Antonov suka riƙa sauka a filin jirgin saman Kano, wanda yau yake ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, suna sauke jiragen yaƙi samfurin MiG a wawware. Ƙwararrun Sobiyet suka harhaɗa su a nan, tafiyar 'yan mintoci daga masana'antun Bompai, matuƙa daga Masar suka tuƙa wasunsu a farkon lamari. Cikin waɗanda Najeriya ta samu akwai MiG-17, samfurin da matuƙan Biyetnam ta Arewa suka kakkaɓo jiragen Amurka biyu da shi a Afrilun 1965 kusa da gadar Thanh Hoa. Ƙasar da shugabanninta na farko suka yi ta ɗari-ɗari da duk abin da ya fito daga Mosko, ga ta ta buɗe ƙofa. Daga wannan ƙofa ɗalibanmu da dama suka tafi karatu Tarayyar Sobiyet, daga nan kuma zancen kamfanin ƙarfe na Ajaokuta ya samo tushe.

A Biyetnam kuwa Janar Westmoreland, kwamandan sojan Amurka, yana auna nasara da ƙidayar gawa. Kullum sai a faɗi adadin abokan gaban da aka kashe, a ce saura ƙiris. Aka yi ta ruwan bama-bamai a kan Arewa, aka fesa guba a kan dazuzzuka don ganye ya zube, amma hanyar Ho Chi Minh, wadda ta ratsa Lawos da Kambodiya, Arewa na tura mayaƙa da makamai Kudu ta kanta, ba ta taɓa yankewa ba. A gyara da dare abin da aka rusa da rana. A Cu Chi, dab da Saigon, mayaƙa suna rayuwa a ramukan ƙarƙashin ƙasa masu ɗakin girki da wurin jinya.

Sai daren sabuwar shekararsu, wadda suke kira Tet, a ƙarshen Janairun 1968. Lokacin biki ne, an yi alkawarin tsagaita wuta, sojojin Kudu da yawa sun tafi gida. Kwatsam Biyet Kong da sojan Arewa suka afka wa birane da garuruwa fiye da ɗari. 'Yan ƙunar baƙin wake 19 suka fasa katangar ofishin jakadancin Amurka a Saigon. A tsohon birnin sarauta na Hue aka shafe kusan wata guda ana gwabzawa gida-gida, kuma a nan 'yan gurguzu suka kashe fararen hula masu yawa, daga baya aka tono gawarwaki kusan 2,800. Dole a faɗi wannan, kamar yadda dole a faɗi abin da sojan Amurka suka yi a ƙauyen My Lai ranar 16 ga Maris na wannan shekara, inda suka hallaka ɗaruruwan mata da yara da tsofaffi. Ta fuskar soja, Tet asara ce ga Biyet Kong. An karkashe gwanayen mayaƙansu, jama'ar birane ba su tashi sun mara musu baya ba kamar yadda suka yi fata, kuma ba su riƙe gari ko ɗaya ba. Amma iyaye a Amurka sun ga komai a talabijin. Wanda aka ce musu ya kusa mutuwa, ga shi a harabar jakadansu. Da labari ya fita cewa janar-janar na neman ƙarin soja 206,000, sai haƙuri ya ƙare. Ranar 31 ga Maris Johnson ya rage kai hare-haren sama, ya kuma ce ba zai sake tsayawa takara ba. A ganina a wannan rana aka yanke hukuncin yaƙin, duk da cewa an ƙara shekara bakwai ana zubar da jini. A watan Mayu aka buɗe tattaunawa a Paris, watan da wakilan Najeriya da na Biyafara suka zauna a Kampala, kafin Diori Hamani ya karɓi baƙuncinsu a Yamai cikin Yuli.

Richard Nixon, wanda ya gaji Johnson, ya zo da dabarar janye sojojinsa sannu a hankali tare da ƙara wuta daga sama, har ya faɗaɗa yaƙin zuwa Kambodiya a 1970. Ho Chi Minh ya rasu a Satumbar 1969 bai ga ƙarshen abin ba. Bayan luguden bama-bamai na Disambar 1972 a kan Hanoi, aka sa hannu a yarjejeniyar Paris ranar 27 ga Janairu 1973. An ba waɗanda suka jagoranci tattaunawar, Henry Kissinger na Amurka da Le Duc Tho na Arewa, lambar Nobel, Tho ya ƙi karɓa, yana cewa ai ba a samu zaman lafiyar ba tukuna. Ranar 30 ga Afrilu 1975 tankokin Arewa suka tura ƙofar fadar shugaban ƙasa a Saigon. Amurka ta rasa soja fiye da 58,000. Biyetnam, bisa ƙidayar da gwamnatinta ta fitar a 1995, ta rasa mayaƙa fiye da miliyan ɗaya da fararen hula kusan miliyan biyu. Waɗanda suka yi nasara kuma suka tura dubbai sansanonin horo, dubban ɗaruruwa suka tsere ta teku a kwale-kwale.

Wata uku da faɗuwar Saigon, a ƙarshen Yulin 1975, Murtala Ramat Muhammad ya hau mulkin Najeriya. Ya tarar da rikicin Angola a kan wuta. Sojojin Afirka ta Kudu mai mulkin wariyar launin fata sun kutsa ƙasar a watan Oktoba, Amurka na tallafa wa ƙungiyoyin FNLA da UNITA a ɓoye, Sobiyet da Kyuba na bayan MPLA. A Nuwamba Najeriya ta amince da gwamnatin MPLA, daga bisani ta kuma ba ta dala miliyan 20. A Disamba majalisar dattawan Amurka ta toshe kuɗin da ake kai wa Angola, kuma dalilin da sanatoci suka yi ta maimaitawa shi ne ba sa son wata sabuwar Biyetnam. Da Shugaba Gerald Ford ya ga hannunsa a ɗaure, sai ya koma rubuta wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu inda za su dosa. Murtala ya sa aka buga wasiƙar a jaridu tare da amsa mai zafi. Ranar 11 ga Janairu 1976 ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa ya shaida wa duniya cewa Afirka ta kai munzali, ba ta karɓar umarni daga wata babbar ƙasa. Taron ya tashi ƙasashe 22 a nan, 22 a can, amma cikin wata guda ƙungiyar ta amince da MPLA. Jarumtar ta Murtala ce, ba mai ƙwace masa ita. Sai dai adalci ne a ce abu biyu sun tsaya masa: ɗanyen man da Amurka ke saye daga Najeriya, da raunin da manoman shinkafa na Biyetnam suka yi wa giwar. An kashe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976, kuma kabarinsa na nan a harabar masallacin da ke ɗauke da sunansa a unguwar Hausawa. A wannan shekarar Najeriya ta ƙi karɓar ziyarar Kissinger, ta kuma ƙulla hulɗar jakadanci da Biyetnam.

Yau in ka bi ta Bompai da Sharaɗa da Challawa za ka ga masaƙu da dama a rufe, ciyawa ta cinye harabarsu, maigadi kaɗai ke zaune a bakin ƙofa. Abin yana yi mini ciwo, musamman in na tuna cewa ƙasar da aka mayar kufai a 1975 ta sauya tsarin tattalin arzikinta a 1986, ta shirya da Amurka a 1995, yanzu kuma tana cikin manyan masu ɗinka takalma da tufafi a duniya. Kashun da ake nomawa a Kogi da Oyo ma, kaso mai yawa can ake kai shi ɗanye a fasa.

Samarin Nijar da suka je Indoshin, wanda ya rage a cikinsu ya haura shekara casa'in. Takardun sallamarsu da lambobin yabonsu da hotunansu suna cikin akwatuna a gidajen 'ya'ya da jikoki a Damagaram da Maraɗi da Tawa da Dosso. Haka ma ma'aikatan filin jirgin Kano da suka ga saukar Antonov a 1967, 'yan kaɗan ne suka saura. Ina kira ga malaman tarihi na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai su tura ɗalibansu da na'urar ɗaukar magana su zauna da waɗannan dattawa, su rubuta abin da suka gani da Hausa, tun suna da rai.